Alƙali, Alcalde da Hawasha: Tarihin Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu Cikin Kalmomin Aro

A birnin Kano, mai yanke hukunci sunansa *alƙali*. A ƙasar Sifaniya, shugaban gari sunansa *alcalde*, ana furta shi "alkalde". A Wad Madani kuwa, babban birnin Jazira ta ƙasar Sudan, idan aka ce za a kai mutum gaban *gadi*, to gaban mai shari'a ake nufi. Kalmar Larabci guda ce ta faɗa bakuna uku, ta fito da kama uku. Abin da zai ɗaure wa ɗalibi kai shi ne yadda Hausa ta fi kusa da Sifaniyanci a wannan gaɓa fiye da Larabcin Sudan, alhali Hausawa masu ɗimbin yawa sun shafe fiye da shekara ɗari suna noma a bakin Nilu, ita kuwa Sifaniya ko iyaka ba ta taɓa haɗawa da ƙasar Hausa ba. Warware wannan ƙulli yana buƙatar a san cewa Hausa ba sau ɗaya ta ci bashin Larabci ba. Ta ara a kasuwa, ta ara a zauren karatu, sannan wani reshe nata ya sake ara a gonar auduga, kuma kowane aro yana ɗauke da tambarin zamaninsa.

Tsohon aro, da 'yan uwansa na Andalus

Musulmi sun ƙetara zuwa Andalus a shekarar 711 ƙarƙashin Ɗariƙu ɗan Ziyadu, mulkinsu na ƙarshe kuma ya faɗi a Garnaɗa a 1492. Cikin waɗannan ƙarnuka kusan takwas Sifaniyanci ya kwashi kalmomin Larabci dubbai, ya kuma kwashe su da wata al'ada da kowane mai jin Hausa zai gane nan take: ya haɗiye alif da lam na farkon kalma kamar wani ɓangare ne na jikinta. Balarabe ya san *al* ɗin nan ɗafa-goshi ne da ake cirewa a mayar. Wanda ya tsinci kalmar daga bakin ɗan kasuwa bai san da haka ba, sai ya ɗauke ta ɗungurungum. Ta haka Sifaniyanci ya sami *algodón*, wato auduga, da *alubia*, wato wake, da *almud*, wani ma'aunin hatsi. Ta haka Hausa ta sami *alkama* da *albasa* da *almakashi* da *aljihu* da *allo*. A wasu kalmomin ma wasalin farko ya zube, lam ɗin ya tsaya shi kaɗai, kamar a *littafi* da *labari* da *lokaci* da *lafiya* da *liman*. Shi wancan *almud* ɗan uwan *mudu* ne na kasuwar Dawanau, sai dai a nan Hausa ce ta ajiye alif da lam, Sifaniyanci ya riƙe.

Masanin harsuna Joseph Greenberg, a nazarinsa na 1947, ya raba ararrun kalmomin Larabci na Hausa gida biyu. Rukunin farko su ne irin waɗannan masu alif da lam, waɗanda suka shigo da wuri ta bakin fatake, wasunsu ma sai da suka yada zango a wani harshe kafin su iso. *Kasuwa* misali ce mai kyau: asalinta *suƙ* na Larabci, amma ta biyo ta Barebari, waɗanda suke cewa *kasugu*. Ita dai wannan kalma ce Sifaniyanci ya mayar *zoco*, mutanen Sudan kuma suke cewa *sug*. Rukuni na biyu kalmomin malamai ne da aka ɗebo kai tsaye daga littattafai, irin su *ilimi* da *hukunci* da *adalci*, waɗanda suka shigo babu alif da lam domin masu aron sun san nahawun Larabci.

Akwai kuma wata shaida da ta fi wannan daɗin nazari. Harafin da almajiran ƙasar Hausa suke kira *lodi*, wanda Larabawan yau suke furtawa kamar "d" mai kauri, ya zama "l" a tsofaffin ararrun kalmomin Hausa: *alƙali*, *alwala*, *larura*, *lamiri*, *farilla*, *Ramalana*. Mai gaggawa zai ce kuskuren baki ne. Amma Sibawaihi, babban malamin nahawu na ƙarni na takwas, ya siffanta harafin da cewa daga gefen harshe yake fita, wato yana da ɗanɗanon "l" tun asali. Kunnen mutanen Andalus ma haka ya ji shi, shi ya sa suka rubuta "ld" a cikin *alcalde*, da kuma *albayalde*, sunan wani farin sinadarin fenti da ya samo asali daga kalmar Larabci mai nufin fari. Ashe Bahaushe da mutumin Sifaniya sun adana wani tsohon furuci da mafi yawan Larabawa suka daɗe da saki.

Ba a furuci kaɗai zumuncin ya tsaya ba. *Hatta* ta Hausa ita ce *hasta* ta Sifaniyanci. *Katifa* ita ce *alcatifa*, ko da yake a can shimfiɗar ƙasa ce mai laushi. *Miskini* a Hausa matalauci ne abin tausayi, a Larabcin Sudan *miskin* yakan zama yabo ga mutum mai haƙuri marar hayaniya, amma *mezquino* na Sifaniyanci ya gangara har ya zama marowaci mai ƙanƙantar zuciya. Ɗalibin da ya ci karo da *fulano* kuwa kada ya yi zaton an ambaci Fulani. Daga *fulan* ta Larabci take, ma'anarta "wane".

Hanyar gabas

Aro na uku ya faru ne a kan hanyar Makka. Tun kafin zuwan Turawa, mahajjata daga ƙasashen Hausa da Barno sukan bi ta Wadai da Darfur da Kordofan su isa Nilu, daga nan su nufi Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, domin mafi yawansu da ƙafa suke yi, suna tsayawa su yi ƙwadago ko su noma damina guda kafin su ƙara gaba. Matafiyin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Burckhardt, ya gamu da irinsu a 1814 tsakanin Shandi da Sawakin, ya kuma rubuta sunan da ake kiransu da shi, *Takruri*. Sunan ya samo asali ne daga Takrur, tsohuwar daula a bakin kogin Sanagal, wadda Larabawa suka faɗaɗa sunanta ya rufe duk baƙar fatar yammacin Afirka. Kalmar ta yi doguwar tafiya ta komo gida, domin ita ce *takari* da Hausawan yau suke kiran wanda ya je ƙasa mai tsarki ya zauna babu takarda.

Sunan da ya fi kama jiki a Sudan shi ne *Fallata*. Barebari ne suke kiran Fulani da wannan suna, kuma Hausa tana da burbushinsa a cikin *Bafilatani* da *Filatanci*. Da ya isa Sudan sai ya buɗe baki ya haɗiye kowa: Bafilatani, Bahaushe, Babarbare, Bazabarme, duk wanda ya fito daga yammacin tafkin Chadi Fallata ne. A bakin wasu suna ne kawai. A bakin wasu kuwa yana ɗauke da raini, yana nufin baƙon da ya zo neman aiki. Wannan ne ya sa Hausawa da yawa a can suka fi son a kira su da sunansu na *Hausa*, Fulani kuma suna ganin sunan nasu ne aka raba wa kowa.

Abin da ya mayar da ɗigon mahajjata ya zama ambaliya shi ne faɗuwar Daular Usmaniyya. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai magana a cikin jama'a cewa a ƙarshen zamani za a yi ƙaura zuwa gabas, wajen Nilu, a tarbi Mahadi. Da Muhammadu Ahmad ya bayyana kansa Mahadi a tsibirin Aba a 1881, ya kuma ci Khartum a 1885, labari ya iso yamma, har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa daga Adamawa. Saboda haka lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, hanyar da Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ɗauka ba baƙuwa ba ce a zukatan mutane. Ya fuskanci gabas da niyyar hijira, talakawa suka riƙa barin gonaki da garuruwa suna bin sa, abin da ya tayar wa Turawa hankali ƙwarai. Suka bi sawunsa har Burmi, kusa da kogin Gongola a jihar Gombe ta yau, inda aka yi gumurzu ranar 27 ga Yuli 1903. Attahiru ya faɗi a wurin tare da ɗaruruwan mutanensa.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ci gaba. Wajen 1906 suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da garin Shaihu Ɗalha, kudu da Sinnar, sannan suka kafa garinsu a ƙetaren kogi. Garin ya ɗauki laƙabin wanda ya kafa shi, laƙabin kuma yana komawa ne ga Wurno, ribaɗin Muhammadu Bello da ke kusa da Sakkwato. A bakin mutanen Sudan da rubutunsu sunan ya zama *Mayirno*, kalma guda da ba a jin *mai* a cikinta, balle a tuna da wani gari a Rima. Akwai abin dariya mai ɗaci a cikin wannan tarihi: waɗanda suka gudu daga mulkin Ingila sun iske Ingila ta riga su isa, domin tun 1898 ta karya daular Mahadi a Karari. Gwamnatin Khartum ta karɓi Mai Wurno, ta bar masa sunan sarauta, saboda tana da abin da take nema a wurin jama'arsa, wato hannun aiki.

Kalmomin gona

*Jazira* a Larabci tsibiri ne, kuma ana kiran yankin da haka domin yana kwance tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu kafin su haɗu a Khartum. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai baƙar laka, wanda ya ɗan karkata yadda ruwa zai gangara da kansa ba tare da injin ba. Masaƙun Ingila suna neman auduga mai dogon zare, sai aka gina madatsar ruwa ta Sinnar, mai tsawon kimanin kilomita uku, aka kammala ta a 1925. A shekarar aka buɗe shirin noman Jazira da fili kimanin fadan 300,000. Gwamnati ce mai ruwa, wani kamfanin Turawa ne mai kula da noma da sayar da auduga, manomi kuma yana karɓar kashi 40 cikin ɗari na ribar. A 1950 aka miƙa ragamar ga hukumar gwamnati mai hedikwata a Barakat, kuma bayan an ƙara yankin Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, filin ya kai wajen fadan miliyan biyu.

Duk Bahaushen da ya shiga wannan duniya sai ya koyi harshenta, domin babu kalmar Hausa da ta dace da abubuwan da ya tarar. *Fadan* ma'aunin fili ne na murabba'in mita 4,200, ya ɗan ɗara eka guda. *Hawasha* ita ce gonar da hukuma ta yanka wa manomi, wadda a tsarin farko fadan goma ce. Fassara ta da "gona" yana ɓatar da rabin ma'anarta. Gonar ƙasar Hausa ana gadonta, mai ita yana shuka abin da ya ga dama ranar da ya ga dama. Mai hawasha kuwa, a tsohon tsari, hukuma ce take faɗa masa abin da zai shuka, da ranar shuka, da ranar ban ruwa, kuma a zamanin kamfani ana iya karɓe ta idan ya yi sakaci. Hawasha tara sukan haɗu su zama *nimra* guda ta fadan 90. Ruwa yana fitowa daga *tur'a*, wato magudanar da ta ratsa yanki, ya shiga wata ƙarama da ake kira *Abu Ishirin*, daga nan ya shiga *Abu Sitta* wadda take kai shi cikin shuka. *Gafir* ne yake tsaron bakin ruwa yana buɗewa yana rufewa, *samad* shi ne wakilin manoma a ƙauye, *mufattish* kuma shi ne jami'in da yake zagayawa duba gonaki, wanda a da Bature ne. Ranar awo ana lissafin auduga da *kantar*: ƙaramin kantar ratali 100 ne, wajen kilo 45, amma audugar da ba a gurje ba da babban kantar ake auna ta, mai ratali 315.

A lura da abu biyu a jikin waɗannan kalmomi. Babu wadda ta zo da alif da lam a manne, domin masu aron suna zaune a tsakiyar masu harshen, suna jin kalmar da shi, suna jin ta babu shi. Sannan harafin da Hausa ta saba mayarwa "ƙ" ko "k" ya zama "g" a bakin mutanen Sudan, shi ya sa alƙali ya zama *gadi*, alƙalami ya zama *galam*, alkama ta zama *gamih*, auduga kuma *guɗun*. Jikan mutumin Kano da aka haifa a Jazira yana riƙe da kalma ɗaya cikin riga biyu, ta gida da ta kasuwa, kuma ba lallai ne ya san cewa abu guda ne ba.

A nan ma Andalus ta sake leƙowa, domin noman rani ne babban abin da Larabci ya bar wa Sifaniyanci. *Guɗun* na Jazira shi ne *algodón*. *Lubiya* da ake shukawa domin dabbobi da gyaran ƙasa ita ce *alubia*. *Kantar* shi ne *quintal*. *Sagiya*, keken ɗiban ruwa da shanu suke juyawa a bakin Nilu kafin zuwan madatsa, wanda ya fi jigon Hausawa ɗebo ruwa nesa ba kusa ba, ita ce ta zama *acequia*, magudanar ban ruwa. Har yau a birnin Balansiya akwai kotun manoma da take zama kowace Alhamis a ƙofar babbar majami'ar garin domin raba gardamar ruwan waɗannan magudanai, da baki ake shari'ar, a yanke ta nan take.

Matsayin baƙi a cikin shirin ya riƙa hawa da sauka tare da farashin auduga. A farkon shekarun 1930 kasuwar duniya ta faɗi, cututtukan auduga suka lalata amfani, 'yan ƙasa da dama suka yi watsi da hawashoyinsu, aka ba wa 'yan yamma da suka yarda su jure. Da auduga ta yi daraja bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ƙofar ta soma rufewa, aka koma fifita ɗan ƙasa. Yawancin Hausawa suka zauna a matsayin 'yan ƙwadago masu tsinkar auduga da shema, ko masu noman raba-daidai a gonar wani, musamman gyaɗa da dawa. Wata kalma da talakan manomi ya sani sarai ita ce *shel*, bashin da ɗan kasuwa yake bayarwa da damina, a biya shi da amfanin gona a kaka bisa farashin da mai ba da bashin ya yanka tun farko.

Abokan ƙarya

Inda ɗalibi zai fi yin tuntuɓe shi ne kalmomin da ya riga ya sani. *Halwa* a Hausa keɓewa ce domin ibada. A Sudan *khalwa* ita ce makarantar allo, da ɗakin da ake saukar baƙi a gefenta. Malamin da yake koyarwa a ciki, yake kuma ba da taimako, sunansa *faki*, ɗan uwan *alfaquí* na Sifaniyanci da *alfa* na Zabarmawa. Rubutun sha shi ne *mihaya*, laya kuma *hijab*, kalmar da Bahaushen Najeriya ya sani da mayafin mata kaɗai. Malaman Hausa sun yi suna a wannan fage a Sudan, har ya zama ɗaya daga cikin sana'o'in da aka san su da su a birane. Shi kansa *almajiri* daga *almuhajir* yake, mai hijira, kuma a Darfur har yanzu ana kiran yaran da suka bar gida neman karatun Alƙur'ani *muhajirin*. Jama'ar Attahiru sun kasance almajirai da ma'anar kalmar ta farko.

Itatuwan daji kuwa ba su sauya ba, sunayensu ne suka sauya, domin Jazira da ƙasar Hausa ɗamara ɗaya ce ta ƙasa. Kuka ita ce *tabaldi*, tsamiya *aradeb*, aduwa *hijlij*, goruba *dom*, giginya *daleb*, gawo *haraz*, zoɓo kuma *karkade*. Tuwo ya tarar da ɗan uwansa *asida*, miya ta tarar da *mulah*, busasshiyar kuɓewa ta zama *weka*. A fagen abinci ne ma aron ya juya baya. Duk wanda ya zaga Khartum ko Madani da yamma ya san *agashe*, naman da ake yankawa falle-falle, a shafe shi da garin ƙuli da yaji, a soke a tsinke a jera gefen wuta. Tsire ne, Hausawa suka kai shi, kuma sunansa Hausa ce tsantsa, daga "a gashe", ko da yake da yawa daga masu cinsa ba su san haka ba.

Masana sun bibiyi wannan rayuwa. Mark Duffield ya wallafa littafi a kan garin Mai Wurno a 1981. Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya fitar da nazari a 1999 kan yadda Hausar Sudan take rusunawa ga Larabci. Bawa Yamba kuma, a littafinsa na 1995 kan ƙauyukan Hausawa na Jazira, ya nuna wani abu mai taɓa zuciya: mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a Sudan suna ci gaba da kiran kansu mahajjata da suke kan hanya, suna ɗaukar zamansu a matsayin zango, ko da kuwa mafi yawansu ba za su taɓa ganin Makka ba.

Ruɗana da jinsiyya

Larabawan Sudan suna da kalma guda da suke kiran duk harshen ƙasar da ba Larabci ba, *ruɗana*, wato maganar da ba a fahimta, gwalan-gwalan. Nubiyanci ruɗana ne, harshen Fur ruɗana ne, Hausa ma haka, duk da miliyoyin masu magana da ita da ƙarnukan da ta yi ana rubuta ta. Yaron da aka yi wa dariya a makaranta saboda ruɗana yakan girma ya ƙi yi wa 'ya'yansa ita, kuma ta wannan ƙofa harshe yake fita daga gida, musamman a birane. A ƙauyukan da Hausawa suke zaune su kaɗai ta fi samun wurin numfashi. Tarihin Sifaniya yana da madubin wannan. Bayan faɗuwar Garnaɗa, kalmar *al-arabiyya* kanta ta zama *algarabía*, wadda a yau take nufin hayaniya da surutun da ba a gane kansa. A 1567 Sarki Filib na Biyu ya haramta Larabci ga ragowar jikokin Musulmi, tsakanin 1609 da 1614 kuma aka kore su daga ƙasar. Kafin korar sun riƙa rubuta Sifaniyanci da haruffan Larabci, rubutun da ake kira *aljamiado*. Tushensa ɗaya da *ajami*.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a rayuwar Hausawan Sudan ita ce *jinsiyya*. Ɗalibin Hausa ya san *jinsi* a darasin nahawu, namiji da tamata. A Sudan jinsiyya ita ce zama ɗan ƙasa, da takardar da take tabbatar da shi, wadda sai da ita ake samun aikin gwamnati da fasfo da mallakar fili. Dokar 1948 ta ce ɗan Sudan shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun ranar 31 ga Disamba 1897, kuma dokar 1957, bayan samun 'yanci, ta riƙe wannan rana. Mutanen Mai Wurno sun iso bayanta da kimanin shekara tara. Waɗanda suka zo aikin madatsa da auduga sun fi haka makara. Ta haka rana ɗaya a kalanda ta mayar da mutanen da aka haifa a bakin Nilu baƙi, sai dai su nemi jinsiyya ta hanyar roƙo, wadda darajarta ba ta kai ta haihuwa ba. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, abin da ya buɗe wa da yawa ƙofa a takarda, amma tambayar asali ba ta bar teburin jami'i ba.

Bayan takarda akwai ƙasa. Tsarin sarautun gargajiya na Sudan, mai matakan *nazir* da *umda* da *shaikh*, an gina shi ne bisa fahimtar cewa kowace ƙabila tana da *dar*, wato ƙasarta ta gado. A kudancin Shuɗin Nilu, inda daular Funj ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, babban basarake *mak* ake ce masa. Hausawa sun daɗe a yankin suna noma da kamun kifi a wajajen Rusairis da Damazin, amma ba su da dar. Da suka nemi a ba su masarauta tasu a jihar, masu sarautar yankin suka ƙi, bisa hujjar cewa sarauta da ƙasa tare suke tafiya. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, aka rasa rayuka fiye da 100, dubbai suka bar gidajensu, Hausawa kuma suka fito zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum da wasu biranen. A watan Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, inda sama da mutum 150 suka mutu cikin kwana biyu.

Saura kalma ɗaya, wadda ba daga Larabci ta fito ba. Masu kula da shirin Jazira sun riƙa sauke 'yan ƙwadago a sansanoni na wucin gadi a gefen magudanai, nesa da ƙauyukan masu hawasha. Kalmar Ingilishi mai nufin sansani ta zama *kambo* a bakin mutane, Larabci kuma ya yi mata jam'i irin nasa, *kanabi*. Sansanonin da aka kafa domin kakar auduga guda sun zama mazaunin zuriya bayan zuriya, na mutanen da asalinsu Darfur ne ko Kordofan ko Chadi ko Najeriya, akasari babu takardar fili, babu makaranta ko asibitin kirki. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya iso Jazira a Disambar shekarar, lokacin da dakarun RSF suka kama Wad Madani. Da sojojin gwamnati suka ƙwato birnin a Janairun 2025, an zargi mazauna kanabi da haɗa kai da abokan gaba, aka kai wa wasunsu hari. A Kambo Ɗayba, wanda mafi yawan mazaunansa 'yan asalin yammacin Sudan ne, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce mayaƙan da suke mara wa soja baya sun kashe aƙalla mutum 26 ranar 10 ga watan.